Ciye-ciye A Wurin Aiki: Jawabin Da Aka Gabatar Ga Membobi Da Dattawa A Wurogauri

 

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan abin da muke sa wa bakinmu a wurin aiki. Iyayenmu a nan ƙasar Gwandu manoma ne. Mutum zai ci tuwo ya ƙoshi, ya shiga fadamar shinkafa, kafin rana ta take abin ya narke. Yau da yawa cikinmu malaman makaranta ne, teloli, masu shago, ma'aikatan sakatariya a Gwandu ko Kalgo, wasu kuma a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013. Ci yana nan yadda yake, har ya ƙaru, amma gumin ya ragu.

Abincin gida da sauƙi. Wanda ya fi yi mana ɓarna shi ne wanda yake zuwa har kan tebur ba mu aika a kawo ba: fanke, cincin, biskit, ƙosai da ya sha mai, shayi mai cokali huɗu na sukari. Ga kuma lemon kwalba, musamman a zafin Maris da Afrilu. Kwalbar Coca-Cola ƙarama, mai santilita 35, tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babba ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ma ya fi. To, kwalba biyu kun ga an zarce, ba a ma taɓa shayin ba. Maltin da muke cewa yana ƙara jini, shi ma sukari ne fal. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, amma naira 10 ba ta hana mai ƙishi sha.

Na san inda wuyar take, wato kunya. Abokin aiki ya yi suna, ya kawo cincin ofis, ko maigidanka ya miƙo maka kwalba mai sanyi. Mu da muke 'yan kaɗan a gari, ba ma so a ce muna ƙyamar abincin maƙwabta. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kada kowa ya raina ta. Karɓi da hannu biyu, ka yi godiya, ka ɗanɗana ɗaya, saura ka kai wa yara su raba. Wanda likita ya riga ya ce yana da ciwon suga ko hawan jini, ya faɗa a fili. Ba wanda zai yi fushi da mai ciwo.

Kada kuma a fita da yunwa. Wanda ya karya kumallo a gida, ya riƙe gorar ruwa da ɗan ƙullin gyaɗa ko aya a aljihu, mai tallan fanke ba ya cin kasuwa a kansa. Lokacin kankana da mangwaro kuwa abin ya zo da sauƙi.

Wanda ya haura shekara 40 ya je a auna masa suga da jini, ko a asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi ko a wanda ya fi kusa, domin ciwon nan yakan daɗe a jiki shiru. Dattawa kuma ina roƙo, a zaman kwamiti mai zuwa a duba yawan akwatunan lemo da muke saya a kowane taro, da zumuntar mata da ta matasa duka.