Ɗanyen Katako da Bencinan 'Ya'yanmu



Bara mun tara kuɗi mun yi wa firamaren garinmu bencina da tebura. Duk wanda ya leƙa azuzuwan a yau zai ga abin da hunturu ɗaya ya yi musu: saman tebura ya tsattsage, ƙafafu sun karkace, ƙusoshi sun saki, yara da dama sun koma kan tabarma. Mun ji ana zargin kafinta. Laifin namu ne, mu 'yan kwamitin ayyuka, domin mu muka matsa masa ya gama kafin ranar taro, ya yi aiki da katakon da bai daɗe da fitowa daga injin yanka ba.

Ɗanyen itace cike yake da ruwa, a wasu itatuwan har ruwan yakan kai rabin nauyinsu. Yayin da ruwan ke fita, katako yakan tsuke ta faɗinsa, tsawonsa kuwa da ƙyar yake sauyawa. Wanda aka yanko a dazuzzukan Kudu masu laima, da zarar iskar hunturu ta same shi sai bayansa ya bushe cikinsa na jiƙe, ya dare. Malaina, wadda muke rububi saboda arha, tana cikin masu jinkirin bushewa. Kafintocin Ingila sukan ba katako shekara guda ga kowane inci na kaurinsa. Zafin ƙasarmu yakan rage wannan jira, amma bai soke shi ba.

Shanyar kanta ba ta cin kuɗi. A jera katakon a inuwa, bisa dakali, kada ya taɓa ƙasa. Tsakanin kowane jeri a gitta siraran sanduna busassu, kowace daidai kan ta ƙasanta, domin iska ta ratsa. A shafe bakunan da fenti, tunda ta nan ruwa ya fi saurin fita, tsagewa ma ta nan take farawa. A danne sama da bulo, a kare gefen da hunturu ke bugowa da zana.

Don haka muke roƙon taro ya amince a sayi katakon sababbin bencina tun yanzu, a shanya shi a rumfar ƙungiya, kada a sa masa zarto sai kafinta ya tabbatar ya bushe. Mun san wasunku za su zo hutun Sallah su tambayi inda gudummawarsu ta shiga. Za mu kai su rumfar, su ga katako a jere.