Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Prosecute da Persecute



Za mu ɗan yi tsokaci a kan kalmomin Turanci guda biyu da suke rikita mu a jarrabawa da kuma ofis, wato prosecute da persecute. Dukkansu daga Latin suka fito, daga kalmar sequi mai nufin bin sawu. A rubuce haruffa biyu ne kacal suka raba su, amma a ma'ana tazararsu ita ce tazarar adalci da zalunci.

To, prosecute shi ne a gurfanar da mutum gaban alƙali bisa laifin da doka ta ambata, a kawo shaidu, a ba shi damar kare kansa. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tanadi cewa wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma ba a hukunta kowa a kan laifin da babu shi a rubutacciyar doka. Shi kuwa persecute shi ne a tasa mutum gaba da muzgunawa saboda addininsa, ko ƙabilarsa, ko ra'ayinsa na siyasa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, azzalumi kan ari rigar ta farko don ya aikata ta biyu. A 1963 gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta gurfanar da Nelson Mandela da abokan gwagwarmayarsa a shari'ar Rivonia. Akwai alƙali, akwai lauyoyi, amma dokokin ƙasar tsiraru ne suka yi su, baƙar fata ba su da ƙuri'a. Shi ya sa a shekarar Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi a watsar da shari'ar. Duk da haka aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1964, bai fito ba sai 1990.

'Yan'uwa, gobe mu ne akawuna da masu fassarar labarai, mu ne za mu riƙa tsara takardun hukuma. Idan talaka ya kawo ƙorafin muzgunawa muka rubuta cewa gurfanar da shi aka yi, mun wanke azzalumi da alƙalaminmu. Idan kuwa ɓarawon dukiyar jama'a ya ce ana muzguna masa alhali kotu ce ta kira shi, muka amsa masa, mun shafa wa shari'a kashin kaji. Saboda haka kafin mu zaɓi kalma, mu tambaya: wane laifi, wace doka, ina shaida?

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.