AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ba Ni da Kuɗin Lauya, Yaya Zan Yi a Kotu?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Ya ce ya ba wani mutum buhunan gero bashi, yau ga shi kaka ta zagayo, mutumin ya ce sam bai san zancen ba. Yana so ya kai ƙara, amma an ce masa in ba lauya kada ma ya soma. Shin haka ne?

To Malam, wanda ya gaya maka haka bai gaya maka daidai ba. Doka ba ta ce sai da lauya ake shiga kotu ba. Ko wanda ake tuhuma da laifi ma, sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi dama ya kare kansa da bakinsa, ko ya ɗauki lauyan da ya ga dama. In kuwa ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, sai a ba shi tafinta kyauta. Balle kai da kake neman haƙƙinka.

Sai dai fa a shirya. Da farko ka je wajen rajistaran kotu da ƙafarka ka shigar da ƙara. Duk abin da ka biya, ka karɓi rasit. Kada ka saurari masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa sun san alƙali.

Na biyu, hujja. A kotun Musulunci mai ƙara ne ke kawo shaidu, wanda ya musa kuma rantsuwa ke kansa. Wa ke wurin da aka auna geron? Dillali? Ɗan dakon da ya loda? Mai motar da ya ɗauka? Ka same su tun kafin ranar zama. A sha'anin dukiya ana neman maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu. In akwai littafin da ka rubuta bashin, ko saƙon waya inda ya ce ka ƙara masa haƙuri, ka riƙe da kyau.

Ranar zama ka yi sammako. Ka faɗi buhu nawa, a kan nawa, wace rana, a gaban wa. Ban da zagi, ban da tone-tonen tsohon faɗa, ban da katse abokin shari'a. Abin da ba ka gane ba, ka ce, "Allah ya gafarta malam, a maimaita mini." Kada ka dangwala hannu a takardar da ba a karanta maka ba. Kafin hukunci alƙali zai tambaye ka ko kana da sauran magana. Wannan tambaya ba ta al'ada ba ce kawai, in akwai shaidan da ya rage, nan ne wurin faɗa. In hukunci bai gamsar da kai ba, galibi kwana 30 ake bayarwa a ɗaukaka ƙara. Ka nemi kwafin shari'a da wuri.

Akwai kuma wata hanya. A 2019 Jihar Kano ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a ƙarƙashin majistare, inda ake cike fom, mutum ya yi bayani da kansa, an kuma tsara a gama cikin kwana 60. A nan sai ka fara aika wa mai bashin takardar neman biya.

Ku kuma da aka kawo wa sammaci, don Allah kada a ɓuya a gona. Rashin zuwa na iya sa a yanke hukunci a bayan idonka. In kuwa tuhuma ce babba, kamar kisa ko fashi, wannan ba ta tsayawa kai kaɗai ba ce. Ka nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 don marasa ƙarfi, a babban birnin jiharku.

Daga ƙarshe, 'yan kasuwa da manoma, a riƙa rubuta bashi da jinginar gona a gaban shaidu, ko da tsakanin wa da ƙane ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.