Itace Ma Yana Da Dafi

 Magana ɗaya masu sauraro ke ta bugo mana waya a kanta: wai maganin da aka samo daga itace, in bai warkar ba, ba zai cutar ba. Uwargida, ɗan ajiye muciya ki saurara. Wannan magana kuskure ce, kuma tana kai mutane kushewa.

Tsiro ba shi da ƙafar gudu, sai Allah ya hore masa sinadaran da yake kare kansa da su daga ƙwari da dabbobi. Azadiraktin da ke cikin 'ya'yan darbejiya yana hana ƙwaro ci da girma, shi ya sa manoma ke jiƙa su su yi wa wake feshi. To abin da ya hana ƙwaro sakat, shi za a ɗura wa jariri? Man darbejiya ya sha jefa jarirai cikin amai da jijjiga. Zaƙami yana da atirofin, mai busar da baki, ya sa zuciya gudu, ya gusar da hankali. Rogo mai ɗaci yana fitar da gubar sayanayid, sai an jiƙa shi kwanaki yake ciwuwa. Duk tsirrai ne, jama'a, kuma duk suna illa.

Wani zai ce ai maganin asibiti ma daga itace yake. Haka ne ga wasu magungunan. A 1820 aka tace kwinin daga ɓawon itacen sinkona a Faransa. A 1972 Tu Youyou da abokan aikinta a ƙasar Sin suka fitar da atemisinin daga wani tsiro, shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau. Amma tacewa suka yi, suka gwada, suka auna. Ƙarfin ganye yana sauyawa da ƙasa da yanayi, don haka kofin jiƙon yau ba ɗaya yake da na gobe ba. In kuma ka ce kakanninmu sun sha sun rayu, wa ya ƙirga waɗanda ƙodarsu ta lalace a hankali? Haba malam, ka sayi jarka a tasha ba suna ba awo, ka ba iyalinka, don kawai an ce maka itace ne?

Lokaci ya ƙure. Kada a ba jariri ko mai ciki jiƙo. A duba lambar hukumar NAFDAC a jikin magani. A gaya wa likita abin da ake sha. Wanda ya sha ya rikice, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar maganin. Allah ya ƙara mana lafiya.