Jinin da Ba na Al'ada Ba

Masu saurarenmu na Dogon Dutsi, Matankari, Dan Kasari, Tibiri da Kore Mairuwa.

Iyayena mata, ku gafarce ni, yau zan taɓa abin da ake jin nauyin faɗa. Mace ta ga jini bayan kwanciyar aure, ko ta daina al'ada da shekaru sai jini ya dawo, ko ruwa mai wari yana zubo mata. Sai a ce sanyi ne, a jiƙa sassaƙe, a yi shiru. Wata sai ta kasa tashi ake ɗaukarta zuwa Dosso, daga can Yamai, cibiyar yaƙi da kansa, lokacin da ciwon ya riga ya ci jiki.

Kansar bakin mahaifa ba jifa ba ce, ba aikin iskoki ba ne. Ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke haddasa ta, ana ɗaukarta ta saduwa. Namiji na yawo da ita bai sani ba, matar da mijinta kaɗai ta sani ma tana iya kamuwa, don haka kada a zargi kowa. Wannan ƙwayar ce kuma ke kawo tsiro a al'aura da wasu kansar maƙogwaro, har ga maza.

Ga inda sauƙin yake: kafin ta zama kansa takan ɗauki shekara 15 zuwa 20, sai dai ga mai Sida ta fi gaggawa. A cikin waɗannan shekarun, ungozomar likita na iya shafa ruwan binegar a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a kashe shi tun bai yi saiwa ba. Daga shekara 30 ake so a fara awon, mai Sida kuwa daga 25, ko da babu inda ke ciwo.

Akwai kuma allurar rigakafi ta ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14, ba ta hana haihuwa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun shigar da ita cikin alluran ƙasa tun Oktoban 2023.

Magidanta, da ku nake yanzu. Sau da yawa izini da kuɗin kabu-kabu a hannunku suke. Ranar kasuwa mai zuwa, malam, ɗauki uwargida ku biya asibitin CSI, ku tambayi ungozoma inda ake awon da inda ake samun allurar.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.