FITAR NIJAR DAGA CEDEAO: ABIN DA MUKE FATA DA ABIN DA MUKE TSORO

Wanga jawabi wani malamin yaƙi da jahilci ne ya yi shi a Tibiri, gaban ɗaliban azuzuwan manya, maza da mata. Mun buga shi domin a karanta shi a kowane aji. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba tukuna.



Masu gari, limamai, iyayena maza da mata, ƴan'uwana manoma da makiyaya, ina gaishe ku. Sannunku da hanya. Na san wasu daga Dumega sunka taso, wasu daga Kore Mairuwa, wasu daga Gesheme. Allah shi saka maku da alheri.

Yau magana guda ta tara mu. Ƙasarmu Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO. Kun ji a rediyo. Kun ji a kasuwa. Wasu sun yi murna. Wasu hankalinsu ya tashi. Wani tsoho ya tare ni bakin masallaci, ya ce: "Malam, ɗiyata tana aure a Kangiwa. Yanzu ke nan ba ni zuwa sunan jikana?" Tambayarshi tana da nauyi. Domin ita da irinta munka taru.

MI AKE NUFI DA CEDEAO?

CEDEAO ƙungiya ce ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Mutanen Nijeriya suna ce mata ECOWAS. An kafa ta a Ikko ranar 28 ga Mayu 1975. Ƙasa 15 sunka sa hannu. Nijar tana cikinsu, zamanin shugaba Seyni Kunce.

Ku ɗauke ta kamar gayya. Kowa da gonarshi, amma an yi alkawarin taimakon juna. Babban alkawari biyu ne. Na farko, mutane su yi ta kai da kawowa. A 1979, a Dakar, anka yarda ɗan wata ƙasa shi shiga wata ba biza, shi zauna har kwana 90. Na biyu, kayan gona da bisashe su ƙetare iyaka ba tare da kuɗin duwan mai nauyi ba. A 1998 kuma anka fito da takardar makiyaya, wadda ke nuna yawan bisashe da allurar da anka yi masu.

YADDA ANKA RABU

Ranar 26 ga Yuli 2023 soja sunka karɓi mulki a Yamai. Majalisar CNSP ta kama ragama, Janar Abdurahamane Ciani shina shugabanta. Ranar 30 ga Yuli shugabannin CEDEAO sunka taru a Abuja. Sunka rufe iyakoki. Sunka riƙe kuɗin ƙasa da ke bankuna. Sunka ba da wa'adin kwana 7, sunka ce in ba a maida mulki ba, za su iya kawo yaƙi. Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da ke zo mamu ta Birnin Kabi.

Ba sai na ba ku labarin waɗannan watanni ba. Kun gani da idonku. Tiyar shinkafa ta hau. Magani ya yi wuya. Yamai da Doso da garuruwa da yawa sunka zauna cikin duhu. Manyan motoci sunka yi layi a Malanbil, ba su ƙetare gadar Gaya ba. A ƙauyukan bakin iyaka, mutane sun kwana suna sauraren ko za su ji ƙarar bindiga.

Amma ku riƙe abu guda. Ƴan'uwanmu na arewacin Nijeriya ba su yarda da yaƙin ba. Malamansu sun yi magana. Ƴan majalisarsu sun yi magana. A watan Agusta 2023 Sarkin Musulmi na Sakkwato da kanshi ya zo Yamai tare da Janar Abdussalami Abubakar, neman sulhu. Allah ya kiyaye, ba a yi yaƙin ba.

Ranar 16 ga Satumba 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso sunka ƙulla sabon ƙawance, ana ce mashi AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel. Sunka yi alkawari: wanda ya taɓa ɗaya, ya taɓa duka. Ranar 28 ga Janairu 2024 ƙasashen uku sunka ce sun bar CEDEAO. An ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024, an buɗe iyakarmu da Nijeriya a watan Maris. Amma zuciya ta riga ta ɓaci. Dokar ƙungiyar ta ce mai fita shi jira shekara guda. Shekara ta cika. Ranar 29 ga Janairu 2025 fitar ta tabbata.

ABIN DA MUTANE KE FATA

Na zagaya azuzuwa da yawa, daga Matankari har Dumega. Ga abin da na ji.

Fata na farko shi ne mutunci. Mutane sun ce: wanda ya hana ma marar lafiya magani ba abokin gayya ba ne. Suna son a yanke shawarar Nijar a cikin Nijar. Mutanen Arewa ba baƙin wagga magana ba ne. A 1899 Sarauniya Mangu ta Lugu ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransa. Jikokinta ne ke zaune nan gabana.

Fata na biyu shi ne kwanciyar hankali. Sojan Faransa sun bar ƙasar a Disamba 2023, na Amurka a Satumba 2024. A Janairu 2025 gwamnati ta ba da sanarwar rundunar haɗin gwiwa ta AES, mai soja 5.000. Manomi shina fatan shi tafi gonar nesa shi komo lafiya. Makiyayi shina fatan shi kwana da shanunshi ba fargaba.

Fata na uku shi ne mu ci arzikinmu. Muna da uraniyom a Arlit. Muna da man fetur a Agadem, da matatar Damagaram tun 2011. Muna da kogin Kwara da rana mai zafi. Ranar da anka yanke wuta, kowa ya gane karin maganar nan: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tashar wutar rana ta Goru Banda, kusa da Yamai, ta fara aiki a 2023. Madatsar Kandaji kuwa tun 2008 anka aza harsashinta. Jama'a suna fatan irin waɗanga ayyuka su kai mu ga tsayuwa da ƙafarmu.

Waɗanga fata duka masu kyau ne. Amma fata ba ta cika rumbu. Sai an yi aiki.

ABIN DA MUTANE KE TSORO

Yanzu mu zo ga tsoro. Ba kunya ba ne mutum shi ce shina tsoro. Mai gida da ba shi tunanin gobe ba mai gida ba ne.

Tsoro na farko, zumunta. Mu koma ga tambayar tsohon nan. Baba, ka tafi sunan jikanka. A Disamba 2024 ƙasashen AES sunka ce ƴan ƙasashen CEDEAO su shigo ba biza. Ranar 29 ga Janairu 2025 ita ma CEDEAO ta ce ma ƙasashenta su ci gaba da karɓar katinmu da fasfonmu, su bar mutanenmu da kayanmu su wuce kamar da, har sai an zauna an daidaita. Ku lura da kalmar nan: har sai an daidaita. Ba alkawarin har abada ba ne. Don haka kowa shi riƙa sauraren sanarwar hukuma.

Tsoro na biyu, kasuwa. Wakenmu, albasarmu, ragunanmu da shanunmu, da yawa kudu suke zuwa, ta Bacaka da Kamba da Illela. Daga can kuma masara da takin zamani da kayan roba ke zo mamu. In anka ƙara kuɗin duwan, mai saye zai rage ma manomi farashi. Wanga tsoro gaskiya ne. Haka zancen hanyar teku. Nijar ba ta da bakin teku. Da, yawancin kayanmu ta Kwatano suke biyowa, su ƙetare a Gaya. Bayan takunkumi, gwamnatinmu ta bar iyakar Benin rufe saboda dalilin tsaro. Kaya sunka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina, su shigo ta Tera da rakiyar soja. Hanya ta yi tsawo. In hanya ta yi tsawo, kuɗin mota ya ƙaru. In kuɗin mota ya ƙaru, mai sayen sabulu da sukari a Tibiri shi ke biya.

Tsoro na uku, ƴan ci-rani. Bayan girbi samarinmu suna tafiya Sakkwato, Kano, Ikko, Kwatano, Abijan. Da abin da sunka aiko ake sayen hatsi lokacin bazara. Uwaye suna tambaya: za a koro su? Fita daga CEDEAO ba ta zo da kora ba. Amma wanda ya tafi ba takarda, shi ya fi kowa shan wuya hannun ma'aikatan hanya.

Tsoro na huɗu, kuɗi. Wasu sun ce sefa ta mutu. Wani ma ya ruga ya saida ta da araha. Ku ji da kyau. Sefa ba ta CEDEAO ba ce. Ta wata ƙungiya ce dabam, mai suna UEMOA. Ranar da munka bar CEDEAO ba mu bar UEMOA ba. Canjin kuɗin ƙasa ba a ɓoye ake yin shi ba. Hukuma ke faɗa a fili. Kada wani ɗan damfara shi karɓe maku jikkunanku da sunan canji.

Tsoro na biyar, ƴan bindiga. Sun addabi bakin iyaka, nan da can. A 2024 mutanen Tangaza da Gudu da ƙasar Argungu sun sha wuyar waɗanda ake kira Lakurawa. Ɓarawo bai san iyaka ba. In maƙwabta biyu ba su magana, shi ke cin riba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa muke roƙon Allah shi daidaita tsakanin shugabanninmu da na maƙwabtanmu.

MU TUNA BAYA

Iyayena, ku kun fi ni sani. Iyakar nan ba kakanninmu sunka ja ta ba. Turawan Ingila da na Faransa sunka ja ta bisa takarda, a 1898, sunka gyara a 1904 da 1906. Sunka raba Arewa biyu. Har yau akwai ƙaramar hukuma a jihar Kabi mai suna Arewa Dandi. Harshe ɗaya, dangi ɗaya.

Ku tuna 1984. Ruwa bai yi ba. Nijeriya ta rufe iyaka tun Afrilu na waccan shekara, ba ta buɗe ba sai 1986. Har yunwar anka sa ma suna El-Buhari. A lokacin muna cikin CEDEAO. Ku tuna kuma Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa, muna cikin CEDEAO. To mi wanga ke koya mamu? Zama cikin ƙungiya bai hana rufe ƙofa ba. Fita daga ƙungiya kuma ba ta raba jini. Tun 1971, kafin a haifi CEDEAO, Nijar da Nijeriya sunka kafa hukumar haɗin gwiwa tasu su biyu, mai mazauni a Yamai.

Ba mu ne farkon fita ba. Muritaniya ta bar CEDEAO a 2000. A 2017 ta komo ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da ita. Ingila ta jefa ƙuri'ar barin Tarayyar Turai a 2016, ta fita a 2020. Can ma wasu sun yi murna, wasu sun yi kuka. Takardun da ƴan kasuwarsu ke cikawa bakin iyaka sun ƙaru. Darasi shi ne: ana barin ƙungiya, ba a barin maƙwabci.

AIKIN DA KE KANMU

Ga abu biyar da kowa zai iya yi.

Ɗaya. Ku yi takardu. Kowane yaro shi samu takardar haihuwa. Kowane baligi, namiji da mace, shi samu katin ɗan ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Biyu. Makiyayi shi kai bisashenshi allura, shi karɓi takarda wurin ma'aikatan kiwo kafin shi yi kudu.

Uku. Kada ku saida hatsinku duka da kaka. Ku ƙarfafa bankin hatsi na gari. Ku haɗa wake ku saida tare, domin mai buhu ɗari ya fi mai buhu guda baki a kasuwa.

Huɗu. Ku shiga noman rani. Ruwan Dallol Mauri ba shi da nisa. Mutanen Dogon Dutsi sun nuna mamu abin da dankalin turawa ke kawowa. Abin da munka noma nan ba shi jiran motar Lome.

Biyar. Ku kiyayi jita-jita. Ba duk maganar da ta fito cikin salula ce gaskiya ba. Kuma baƙon da ya zo kasuwarmu daga Kabi ko Benin, ku riƙe shi da mutunci. Yadda munka yi ma ɗan wani, haka za a yi ma namu.

Ƴan'uwa, nan amfanin karatunku shike. Wanda ya iya karatu shina duba rasit, shi ga ko abin da anka karɓa shi anka rubuta. Shina duba ranar da katinshi zai ƙare. Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ita ce harshen ƙasa. To, ku riƙe alli da kyau. Kada ku bar aji saboda sanyi ko kasuwa.

Allah shi ba mu damina mai albarka. Allah shi zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.  

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. A wace shekara anka kafa CEDEAO, kuma a wace rana fitar Nijar ta tabbata?
2. Wane kaya garinku ke kaiwa Nijeriya, wane kuma shike sayowa?
3. Mutum nawa ne a ajinku ba su da katin ɗan ƙasa? Ku rubuta yawansu, ku kai ma mai gari.