Darasi Daga Ɗakunan Cin Abinci Na Euro Disney



A 1992 kamfanin Disney na Amurka ya buɗe katafaren wurin shaƙatawa kusa da Faris. Masu tsara shi sun ɗauka Turawan can ba su damu da karin kumallo ba, sai suka rage kujeru. Aka wayi gari mutum 2,500 na layi a ɗakin cin abinci mai kujera 350. Da rana kuma kowa ya zo lokaci guda, ga tsada, baƙi suka tsuke aljihu.

Mu da ke tsara wa jama'a ayyuka a ofis, mu riƙa tambayarsu tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.